Yatsu Huɗu a Ƙasan Haƙarƙari

A makarantar koyon aikin jinya da ke bayan babban asibiti akwai wani tsoho mai shara da ɗalibai suka laƙaba wa Baba Allo. Ba don yana goge allo ba ne, ko da yake yana gogewa. A jikinsa ake rubutu.

Siriri ne tun fil azal, irin ramar da ba ta ciwo ba, ta halitta. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta shekara talatin tana ɗura masa abinci, da ta gaji sai ta ce tukunyarta ba ta da laifi, rariya aka aura mata. To wannan ramar da ake yi masa tsiya a kanta ita ta sama masa aiki na biyu. Shekara goma sha tara ke nan, wata rana ya tuɓe riga yana yashe kwatar bayan azuzuwa, sai likitan da ke koyar da sassan jiki ya zo wucewa. Ya tsaya ya ƙura masa ido har tsohon ya tsargu.

“Lafiya, Likita?”

“Lafiya lau. Haƙarƙarinka nake ƙirgawa. Daga nan inda nake na ga goma.”

“Saura nawa?”

“Biyu a kowane gefe, suna ta baya. Ka zo ajina ranar Talata, ka yi wanka kafin ka zo.”

Tun daga ranar, duk Talata da ƙarfe goma sai Baba ya jingine tsintsiyarsa a bayan ƙofa, ya ninke rigarsa a kan kujera, ya hau wani ɗan dandamalin katako a gaban aji. Akwai tsayuwar da ake yi, kuma ita ce darasin farko na kowace shekara. Mutum ya miƙe sak, ƙafafu a haɗe, fuska gaba, hannuwa a sake a gefe, tafin hannu na kallon jama’a, babban yatsa na nuna waje. Likita kan ce duk wani bayani na jiki daga wannan tsayuwa ake yin sa, ko mutumin yana kwance ko yana tsugune. Abin da ke wajen kai shi ne sama, abin da ke wajen ƙafa shi ne ƙasa. Dama kuwa damar mai jikin ce, ba ta mai kallo ba. A nan sababbin ɗalibai ke fara shan kunya. Babu shekarar da ba a samu mai zana wa Baba zuciya a dama da hanta a hagu ba, sai Likita ya riƙe haɓa ya ce, “Madalla. Yau ka sake wa bawan Allah halitta.”

Da alƙalamin tawada mai wankuwa ake zanen. Ɗalibi zai ɗora yatsa a ramin wuya, ya gangaro kan ƙashin ƙirji har ya ji wani ɗan tudu, ya zame gefe, to ya taɓa haƙarƙari na biyu, daga nan ake fara ƙirga. A tsakanin na biyar da na shida ta hagu ake jin zuciya na ƙwanƙwasa yatsa. A juya Baba a zana masa allon kafaɗa, a bi ƙashin baya gaɓa gaɓa tun daga ƙeya har kwankwaso, a nuna inda ƙoda biyu suke kwance. A ja layi huɗu a cikinsa, biyu a tsaye biyu a kwance, ciki ya rabu gida tara, cibiya a gidan tsakiya, mara a ƙarƙashinta. Kafin a tashi ya koma kamar taswira.

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Baba bai iya karanta ko harafi ɗaya na littattafan nan masu nauyi ba, amma ya san mutum na da ƙashi ɗari biyu da shida, ya san saifa na hagu a ɓoye bayan haƙarƙarin ƙasa, ya san maɗaciya na maƙale a ƙasan hanta. In ɗalibi ya ɓace a ƙirga, sai Baba ya ɗan motsa kafaɗa ko ya yi gyaran murya. Likita ya sani, yana dai yi kamar bai gani ba.

A nan ya kamata a faɗi abin da shi kansa Baba ba ya faɗa. Talata ce kaɗai ranar da hannun ɗan Adam ke taɓa shi. Mai shara hannunsa kullum ko da tsintsiya ko jiƙe da ruwan bokiti, don haka gaisuwar da yake samu ta ɗaga hannu ce daga nesa. Ɗakinsa ɗaya ne a gidan haya, a can ƙarshen lungu kusa da famfo. Maƙwabtansa ’yan kasuwa ne da direbobi, sukan fita kafin ya fita, su dawo a gajiye kowa ya ja ƙofarsa. A ɗakin akwai katifa, da rediyo, da kofi biyu a kan taga, ɗaya ya yi shekara shida a kife. ’Yarsa guda ce, tana aure a wani gari mai nisan kwana ɗaya a mota. Takan kira ƙarshen mako, ta ce, “Baba, ya jiki?” ya ce, “Jiki alhamdu lillahi,” yara su yi ta ihu a bayanta, ta ce za ta sake kira. Ba ta da laifi, hidima ce ta yi mata yawa. Amma kaɗaici bai san uzuri ba, kuma ya ci Baba ƙwarai.

Shi ya sa daren Litinin yake yanke farce, da safe ya yi wanka da sabulu mai ƙamshi da ya ware don ranar. Hannuwan ɗaliban nan wasu sanyi, wasu gumi, wasu na rawa, wasu kamar za su kwance ƙusa. Duk yana so. Suna kiransa Baba, suna ce masa sannu, suna ba shi haƙuri in sun danna da ƙarfi. Awa biyu ce a mako, kuma ita yake ci har wata Talatar.

Abin ya fara ne wata safiya yana wanka. Ya sunkuya zai ɗebi ruwa, sai ya ji kamar an cusa masa wani abu a ƙasan haƙarƙarin dama. Ba ciwo ba, nauyi dai. Ya koma ɗaki ya kwanta rigingine, ya naɗe gwiwoyi yadda ake sa shi yi a aji. Ya ɗora tafin hannu can ƙasa, a gefen mara ta dama, ya ja numfashi, ya matsa sama kaɗan, ya sake ja. A karo na huɗu wani abu mai tauri ya sauko ya bugi yatsunsa.

Wani in ya ji haka zai ce iska ce ko abincin jiya. Baba bai samu wannan sauƙin ba. Sau nawa ya ji Likita yana cewa hantar mai lafiya kunya gare ta, a bayan haƙarƙari take ɓuya, in ma ka taɓa bakinta to da kyar, kuma da laushi. Ya gwada da yatsunsa daga bakin haƙarƙari zuwa inda abin ya tsaya. Yatsu biyu. Bayan wata uku suka zama uku. Abinci ya fara gundurarsa, wando ya ƙara yi masa yawa, amma wa zai lura siriri ya rame?

Asibiti kuwa ga shi nan, katanga ɗaya ce tsakani. Kullum sai ya share har bakin ƙofar da ta haɗa su. Abin da ya hana shi shiga ba tsoron allura ba ne, ba ma tsoron mutuwa ba. Maganar Likita ce ta farkon kowace shekara, wadda Baba ya haddace: “A ajin nan jikin mai lafiya muke koyo. Sai ka san daidai kafin ka gane karkatacce.” In aka gano, za a sauke shi daga dandamali a ɗora wani. Ya auna ciwon ya auna Talata, ya ga zai iya zama da ciwon. Wauta ce, babu shakka, amma wanda bai taɓa yin kwana shida ba a taɓa shi ba kada ya yi saurin dariya.

Da aka zo darasin ciki a zangon ƙarshe, sai ya koyi dabara. In ɗalibi ya ɗora hannu, Baba ya ɗaure tsokar ciki, ya ja numfashi rabi. In aka matsa masa ya yi dariya ya ce cakulkuli yake ji, tsufa ya sa shi. Yawancinsu dama tsoron dannawa suke, sukan shafa sama sama su ce ba su ji komai ba, wanda kuma shi ne amsar da ake so.

Mutum ɗaya ne dabarar ba ta ci ba. A ajin akwai wani magidanci mai kimanin shekara talatin da biyar, ana ce masa Mahauci, don sana’arsa ke nan shekara goma sha biyar kafin ya ajiye wuƙa ya dawo makaranta. Yana da mata da ’ya’ya uku. Littafi na ba shi wuya, sau biyu yana faɗuwa wannan darasi, dokar makarantar kuwa in ka faɗi na uku ka kama gabanka. Amma hannunsa ya san ciki. Ranar da layi ya zo kansa a darasin, ya ɗora tafinsa mai kauri a cikin Baba, bai danna ba, ya jira kawai. Ba mai iya ɗaure ciki har abada. Baba ya saki numfashi, ya ga fuskar mutumin ta canza.

Bayan an tashi Mahauci ya same shi a bakin famfo yana wanke tawada.

“Baba, in tambaye ka mana. Cikin nan naka, kana jin wani abu a dama?”

“Ina jin yunwa, ita ma a tsakiya take.”

“Ba wasa nake ba, Baba. Na taɓa abu.”

“Ɗana, ka shekara nawa kana taɓa cikin shanu? Ni ba sa ba ne. Je ka yi karatunka, jarrabawa saura mako biyu.”

Mahauci ya ce, “Allah ya ba ka haƙuri,” ya tafi. Baba ya daɗe a tsaye ruwa na zuba a hannunsa. Bai taɓa yi wa ɗalibi magana mai kaifi haka ba, kuma abin ya tsaya masa a rai.

Ranar jarrabawa aka shigo da gadon gwaji aka shimfiɗa farin zane. Ɗalibai ashirin da biyar suka jeru a baranda, ana kiransu biyar biyar. Kowa zai sa hannu a kwali ya zaro takarda, abin da ya fito masa shi zai nuna a jikin Baba. Wata ta zaro jijiyar wuyan hannu, ta same ta a gefen babban yatsa ta ƙirga bugu. Wani ya zaro ƙoƙon gwiwa, ya yi murmushi kamar an ba shi kyauta. Baba na kwance yana kallon fanka, yana roƙon Allah a ransa kada hanta ta fito, in kuma za ta fito ta fito wa mai tsoron dannawa. Rana ta yi tsaka, Likita ya gaji, yana ta duba agogo.

Mahauci ya zaro takardarsa, ya karanta, ya ɗago ya dubi Baba. Ba sai an faɗa ba.

Ya murza tafukansa don su yi ɗumi. Ya ƙwanƙwasa ƙirjin dama da yatsa daga sama yana saukowa, har amon ya tashi daga na ganga ya koma na katako, ya ja layi a wajen haƙarƙari na biyar. Nan ne saman hanta, kuma daidai ne. Sannan ya koma can ƙasa gefen mara.

“Ja numfashi, Baba.”

Baba ya ja rabi, ya ɗaure ciki har gumi ya tsattsafo masa a goshi. Mahauci ya jira. Ya matsa sama, ya sake jira. Da cikin ya saki, yatsunsa suka tsaya cak. Ya ɗauki alƙalami, hannunsa ya yi jim a sama. Ya san amsar da ke cikin littafi, ya san inda kowa ke jan layin. Ya ja nasa inda ya ji, yatsu huɗu a ƙasan haƙarƙari.

Likita ya leƙo ta saman tabarau.

“Mene ne wannan?”

“Bakin hanta, Likita.”

“A nan? Kusa da cibiya? Ko ka ɗauka har yanzu a mayanka kake?”

Ɗalibai huɗun da ke jira suka ƙunshe dariya.

“Abin da na taɓa ke nan, Likita.”

“Shekara goma sha tara ina koyarwa a kan cikin nan. Na san shi fiye da aljihuna.”

Ya taso, ya ɗora yatsu uku a bakin haƙarƙari, daidai inda ya saba samun komai lafiya, ya ɗan danna. Wanda ya fara daga nan a kan tsakiyar kumburarriyar hanta yake sauka, ba zai ji bakinta ba, sai dai ya ji ciki da ɗan tauri, irin na tsohon da ya gaji da kwanciya. Shi da kansa yake gargaɗin ɗalibai a kan wannan kuskure duk shekara. Sabo da gajiya suka sa ya yi shi.

“Babu komai. Ajiye alƙalamin. Na so ka wuce, Allah ya sani, amma ba zan saki mutum asibiti yana ƙirƙiro wa masu lafiya ciwo ba.”

Mahauci ya rufe alƙalamin ya ajiye a tebur a hankali. Bai yi musu ba, bai ce a tambayi Baba ba. Ya dai tsaya da manyan hannuwansa a sake, bai san inda zai kai su ba. Likita ya buɗe rajista ya ɗauki biro.

Baba ya ga dai ya tsira. Minti ɗaya ya rage, a kira na gaba, shekara ta ƙare, Talatarsa ta zauna. Sai ya dubi hannuwan nan. A duk hannuwan da suka bi ta jikinsa shekara goma sha tara, su kaɗai suka tsaya suka saurare shi, kuma saboda haka za a kore su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

“Likita.”

“Na’am, Baba. Ka gaji ko? Saura kaɗan.”

“Ka fara daga ƙasa.”

Likita ya ɗago.

“Me ka ce?”

“Yadda kake koya musu. Daga gefen mara ake farawa. Ka fara daga can, zan ja numfashi sosai.”

Likita ya ajiye biro, ya zo ya ɗora tafin hannu a ƙasa. Baba ya saki cikinsa gaba ɗaya, karo na farko cikin watanni, ya ja iska har ƙirjinsa ya cika. Hannun ya hau sau ɗaya, sau biyu, ya tsaya daidai kan layin tawada. Ya daɗe a wurin, yana bin bakin abin da yatsa daga gefe zuwa gefe.

“Ku fita ku jira a waje,” in ji Likita, bai ɗago ba. “Kai Mahauci, ka ci jarrabawa. Ja mana ƙofar.”

Da suka rage su biyu, Likita ya jawo kujera ya zauna a bakin gadon, ya cire tabarau. Shekara goma sha tara suna aiki tare, wannan ne zamansu na farko.

“Tun yaushe?”

“Wata bakwai. Da yatsu biyu ta fara.”

“Ka auna ma ke nan.”

“Kai ka koya mini.”

“To me ya sa, Baba? Ga asibiti a bayan katanga. Ga ni nan kullum.”

Baba ya dubi rufi. Ya nemi wata amsa mai mutunci bai samu ba, sai ya faɗi ta gaskiya.

“Ka ce jikin mai lafiya ake koyo a nan.”

Likita ya jawo takarda ya fara rubutu, yana cewa gobe da sassafe za a ɗebi jini a yi hoton ciki, shi da kansa zai kai shi, ba a yanke hukunci kafin a gani. Ya tambaye shi wa za a kira a gida. Baba ya ce akwai ’yarsa, amma a bari sai ƙarshen mako, ita ke kira.

Ya tashi zaune, ya sauko da ƙafafunsa, ya jawo rigarsa daga kan kujera. Ya riƙe ta a cinya bai sa ba.

“Likita, ita Talatar fa?”

“Sai dai mu nemi wani, Baba. Ka san ba yadda zan yi.”

“Na sani. To ba a koyon jikin marar lafiya ne? Ga shi yanzu ina da abin nunawa.”

“Ana koyo. Amma ba a nan ba, a asibiti ne, sai sun shiga shekara ta biyu.” Likita ya yi ƙoƙarin murmushi. “Waɗannan ɗin dai za su zo. In an dawo hutu da wata shida za su fara zagayen gadaje, su same ka.”

“Hutun wata uku ne.”

“Wata uku ne.”

Baba ya haɗa lissafin, ya ga Likita ma ya haɗa, don ya sunkuyar da kai yana goge tabarau da bakin riga. Daga biyu zuwa huɗu wata bakwai ta ɗauka.

“Allah ya kai mu,” in ji Baba.

“Amin.”

A baranda ana jin takun ɗalibai da ƙus ƙus ɗinsu. Saura mutum tara ba a gwada ba. Likita ya ce zai ɗaga jarrabawar zuwa wani mako, ya samo wanda zai kwanta.

“Su tara ɗin me ya rage musu a kwali?” in ji Baba.

Likita ya zazzage takardun a tebur ya duba. Gwiwar hannu, idon sawu, muƙamuƙi, allon kafaɗa, ƙashin wuya da sauransu. Babu na ciki ko ɗaya.

“To waɗannan ai lafiyarsu ƙalau.”

Ya mayar da rigar kan kujera, ya ninke ta, ya koma ya kwanta a kan farin zanen, ya miƙe hannuwansa a gefe.

“Kira su, Likita. Ka ce kada su yi sauri.”